Godiya ga Baba, Wanda ya Hana Ni Zuba Siminti

Baba, yaya ƙafar nan da ke taso maka in sanyi ya shigo? Sau uku ina kawo maka ɗan abin sayen goro kana mayar mini da shi. Na ƙarshen ma a aljihun rigar autana ka cusa shi muna hanyar tasha, sai da muka iso Magarya uwarsa ta gani. To tunda hannu ya gaza, bari baki ya gwada. Sunanka ba zan kama ba, na san halinka. Waɗanda suka sha ruwan rijiyoyin da ka gina tsakanin Dungas da Washa, zamanin da kake aiki da OFEDES, hukumar haƙar rijiyoyi, ba sai an gaya musu ba.

Amma ka yi mini haƙuri in fara wanke kaina a wurin masu karatu, don na san abin da zai fara zo musu a rai. Malamin makaranta, a Magarya, da wurin iyo a cikin gida? Ni ma da wani ne ya yi, da ni za a yi masa dariyar. Abin da ya faru shi ne babban ɗana ya fara fitsarin jini yana ɗan shekara tara. Tsargiya ce, kuma ba a nesa ya samo ta ba, a kududdufin bayan unguwa ne inda aka ɗebi ƙasar gini. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin ɗan ƙaramin dodon koɗi, su fito su huda fatar duk yaron da ya shiga. Tun 2004 ake rabon maganinta a makarantun ƙasar nan, ni da hannuna na sha jera yara a ba su. Maganin yana aiki, sai dai ba ya hana yaro komawa tafki in zafin bazara ya gasa shi, kuma duka ma ba ya hanawa, na gwada. Gidanmu a bakin gari yake, bayansa garkar da na gada, da foraj da fanon hasken rana da na riga na sa saboda albasa. Kowane mai garka yana bukatar basan da zai tara ruwa. Sai na ce me zai hana in gina nawa da ɗan faɗi, mita 5 a kan mita 3, mai zurfin santimita 60 a wannan kai da 120 a wancan, yara su yi iyonsu a gaban idona, ruwan kuma ya wuce ga shuka?

Tunanin bai da laifi. Yadda na so aiwatar da shi ne abin kunya. Ranar da ka sauka daga kan kabu-kabu, bayan kakar 2023, rami ya kai gwiwa, siminti na jibge a zaure, magini ya yi alkawarin zuba ƙasan ranar Asabar. Gaisuwar jinya ka zo yi wa gwaggona, ba aiki ya kawo ka ba. Ka zagaya ramin sau ɗaya da sandarka, ka tambaye ni: "Ɗana, ta ina ruwan zai fita?" Na nuna maka inda tiyo zai shigo daga shato, tankin ruwan da ke sama. Ka ce ba shi ka tambaya ba. Na yi shiru, magini ya yi shiru. Lita 13,500 muke shirin tarawa, tano sittin da bakwai da ɗoriya, kuma a cikinmu babu wanda ya yi tunanin hanyar da za su bi su bar wurin. Magini ya ce ai in ya yi datti sai a kwashe da bokiti. Ba ka tanka masa ba, ka ce a kawo maka tabarma.

Kwanaki ka yi a kan tabarmar nan, kuma kwana biyun farko ko tiyo ɗaya ba ka taɓa ba. Maƙwabta ka bi kana tambaya, in damina ta yi albarka ina ruwan rijiyarsu yake kaiwa. Wani tsoho ya nuna maka shatin da ke jikin tasa. Ka dawo ka ce ramin nan ba a wurinsa yake ba. Mu mutanen Ƙorama muna alfahari da cewa ruwanmu kusa yake, shi ya sa raken Bande ya yi suna, shi ya sa ake noman rani inda wasu ke sayen jarka. Ban taɓa tunanin kusancin nan zai iya zama abin tsoro ba. Ka ɗauki ƙwarya ka danna ta cikin baho, ka ce in saki hannunka. Ta taso. Ka ce basan ɗin siminti in babu ruwa a cikinsa ƙwarya ce babba, ruwan ƙasa ya hau ƙarƙashinsa sai ya ɗaga shi ko ya tsaga shi gida biyu, kuma nauyin siminti ba ya hana hakan. Ka matsar da aikin taku goma sha biyu zuwa tudu, ka ce rabi a binne rabi a sama. Na ji zafin cike ramin da na biya aka haƙa, har na kwana ban yi maka hira ba. Ka lura, ka yi kamar ba ka lura ba.

Daga baya na gane ɗagawar nan ta biya bukata uku a tare. Ƙasan ya tsere wa ruwan damina. Injin juya ruwa ya samu zama a ƙasa da fuskar ruwan, saboda haka ruwa da kansa yake gangaro masa, ba ya shaƙar iska ya yi ta kuka a bushe. Sannan duk ruwan da za a zubar yana iya gangarawa garka ba tare da an kunna komai ba. Da siririn tiyo mai gani-har-hanji ka auna wannan, irin wanda magina ke cika wa ruwa su daidaita bango, kai a wannan gefe, yaron magini a wancan, kuna kafa turaku.

Zanen kansa a kan rairayi ka yi shi, da bakin sanda, daidai girman abin. Kowane tiyo ka ja masa layinsa, ka sa muka taka shi da ƙafa tun daga inda ya fara har inda ya ƙare. Ka raɗa wa kowace kafa suna don mu daina ruɗewa: wadda ke kwasar sharar sama ka ce baki, waɗanda ke mayar da tataccen ruwa ka ce hanci, ta ƙasa ka ce cibiya. Har yau haka yarana ke kiransu. Ni na so a sa bakin a gefen gabas, don nan ya fi kusa da ɗakin inji, tiyo zai yi gajarta. Ka ɗebi busasshen ganyen dogon yaro ka watsa sama, ka ce mu ga inda zai sauka. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, guguwar da ke gaban hadari kuma daga gabas. Duk ƙura da ganye da za su faɗa ruwan, yamma za su taru. Ka ce a sa baki inda iska ke kai shara, hanci biyu kuma a ɗaya gefen suna turo ruwa wajensa, iska da inji su yi aiki hannu ɗaya. Kuɗin ƙarin tiyo mita shida ya ci mini rai a ranar. Yanzu da safe ina tsayawa in ga ganye na tafiya a jere zuwa bakin nan kamar tumaki sun ga ƙofar garke.

Akwai gawon da layin tiyo ya ci karo da shi. Magini ya ce a sare saiwa ɗaya kawai. Ka dube shi yadda ake duban wanda ya yi ashar a masallaci, ka karkatar da layin. Kowa ya san matsayin gawo a ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya, gonar da ke da shi ba ta yunwar taki. Abin da ka ƙara mini shi ne saiwa ba ta fasa tiyo mai lafiya, inda ake ɗiga take bi, don haka maganinta haɗi mai kyau.

Sai maganar tiyon kanta, inda na fi ba ka wahala. Lokacin iyakar Najeriya a rufe take tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kayan da a da ake shigo da su daga Kano ta Babura da Tinkim, ko ta Maigatari a ɓullo Dungas, sun yi wuya sun yi tsada. Na samu wasu tiyo masu sauƙin kuɗi na saye guda goma ina murna. Ka ɗauki ɗaya ka matsa shi da hannu ya lotsa. Ka ce wannan na magudana ne, an yi shi don ruwan da ke gangara da kansa, ba ya ɗaukar turin inji, kuma ranar da zai fashe a ƙarƙashin siminti zai fashe. Araha ba ta ado, in ji mutane, amma ni a ranar ba ado nake nema ba, kuɗina nake jin ciwo. Ka rubuta wa wani tsohon yaronka a Damagaram takarda, ya zagaya Kasuwar Dole da shagunan gefenta ya haɗo mana masu kauri, aka ɗoro su a mota. Mai faɗin milimita 63 ka sa a wajen tsotsa, mai 50 a wajen mayarwa. Da na tambayi dalilin bambancin, ka miƙo mini karan ciyawa da guntun tiyo ka ce in sha fura da kowanne. Na yi dariya, amma da na koma na duba littafi na tarar lissafin ya fi abin da nake zato: ruwa iri ɗaya, in aka tashi daga 50 zuwa 63, gogayyar da yake yi da jikin tiyo tana raguwa da kusan kashi biyu cikin uku. Ga injin da ke dogara da rana, wanda ƙarfinsa na sa'o'i ƙalilan ne tsakanin hantsi da la'asar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka ka yi ta rage gwiwoyi. Zanena yana da goma sha ɗaya, naka biyar, kuma inda ya zama dole a juya ka fi son gwiwa biyu masu sassauci a kan guda mai kaifi.

Cibiya biyu ka ce a yi, tsakaninsu mita ɗaya, su haɗu a tiyo guda. Wannan kam na yi gardama sosai, don na ga ɓarna ce a ɗan basan kamar nawa. Ka ce in kafa ɗaya ce, yaro ya zauna a kanta ko cikinsa ya rufe ta, duk ƙarfin inji a jikinsa zai taru, kuma babba ma ba zai iya ɓamɓare shi ba. In biyu ne, ya rufe ɗaya, inji ya sha ta ɗayar. Ban gaskata ba sai da na karanta labarin Virginia Graeme Baker, yarinya ƴar shekara bakwai, jikar James Baker tsohon sakataren harkokin wajen Amurka, wadda magudanar kwamin wanka ta riƙe a ƙarƙashin ruwa a 2002 har ta rasu. Sai a Disamban 2007 aka sa hannu a dokar da ke ɗauke da sunanta, wadda ta tilasta murfi na musamman da matakan kariya a wuraren iyon jama'a a can. Kai ba ka taɓa jin sunanta ba. Ka ce ka dai taɓa ganin yadda injin ban-ruwa ya kama tafin hannun wani, kuma abin da ido ya gani sau ɗaya ya isa. A daren da na karanta labarin nan na fita da fitila na tsaya a kan ramin, na daɗe ban koma ɗaki ba.

Ranar gwaji ita ce ranar da na fi jin kunya. An gama haɗa komai, ramukan tiyo a buɗe, magini na son a rufe a wuce wurin, ni ma haka. Ka toshe kowace kafa, ka kafa tiyo ɗaya a tsaye mai tsawon mita uku, ka cika layin da ruwa har bakinsa, ka yi shaida da gawayi, ka ce sai gobe. Da asuba ruwan ya sauka da taƙi guda. Na ce wataƙila rana ce ta sha. Ka ce wace rana da dare? Muka bi haɗi ɗaya bayan ɗaya da busasshen tsumma har muka samu wanda ke gumi, a daidai inda za a zuba dakalin zama. Ƙurar hunturu ce ta hau bakin tiyon kafin a shafa gam. Ba ka yi wa yaron faɗa ba. Ka yanke wurin, ka nuna masa yadda ake kankare baki, a goge, a shafa wa duka biyun, a tura a riƙe, kuma a yi da sanyin safiya kafin zafi ya busar da gam a hannu. Ka sa ya maimaita da kansa. Yaron nan yanzu shi ake kira a unguwarmu in famfo ya lalace. Sai da shaidar gawayi ta kwana biyu ba ta motsa ba ka yarda a shimfiɗa rairayi mai laushi ƙarƙashin tiyo da samansa, sannan a mayar da ƙasa.

Tambayarka ta farko ita ce ta ƙarshe da muka amsa. Tiyon arahar nan guda goma da na ɗauka na yi asararsu, su ka binne daga basan zuwa garka, da bakuna huɗu a tsakanin fangali, irin tsarin da masu garka ke kira kaliforniya. A can babu turin inji, gangare ne kawai, aikinsu ke nan. Ruwan wankin tukunyar tacewa ka ba shi hanyarsa dabam zuwa gindin ayaba da lemun tsami. Ka gargaɗe ni kada in saki ruwan da aka sa wa jabel kai tsaye a kan shuka, in bar shi kwanaki a rana ƙarfin ya fita tukuna. Ka kuma ce ranar da na gaji da kula da ruwan, in zubar da shi in huta, kada in bar shi kwance. Duk wanda ya taɓa shiga sashen yara na asibitin Magarya a ƙarshen damina, inda likitocin MSF suka fara aiki a 2005, ya ga abin da zazzabin sauro ke yi, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ba zan gina wa yarana mafaka daga tsargiya in buɗe wa na maƙwabta gonar sauro ba.

Maƙwabtan ma kai ka tuna da su, ni ban tuna ba, kuma wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Ana maganata a majalisa, na sani. Wasu na cewa wankan Turawa, wasu na cewa almubazzaranci, kuma ban ga laifinsu duka ba, don a bazara na auna da kaina, ruwan na sauka kusan santimita ɗaya a yini, wato jarka shida na tafiya sama a banza in ban rufe shi da tamfol ba. Kai ba ka ce mini komai a kan surutun ba. Ka dai ƙara layi ɗaya a zanen, ya tashi daga shato tun kafin ruwa ya isa basan, ya ratsa katanga ya fita waje, da kan famfo a bakinsa. Ka ce kuɗinsa bai kai na buhun siminti biyu ba. Matan layinmu a nan suke ɗiba yanzu daga hantsi zuwa azahar. Surutun bai ƙare ba, amma ya canza murya.

Kafin ka tafi ka sa na kawo takardar makaranta, ka mayar da zanen rairayi a kanta, kowane layi da nisansa daga kusurwar katanga da zurfinsa. Ka ce bayan shekara biyar ni kaina zan manta, wani ya zo da diga ya sare. Tana cikin akwatin da takardun gida suke. Baƙo in ya zo, fentin yake yabawa, da tsabtar ruwan, da dakalin. Magini yake tambaya. Duk abin da ka yi yana ƙarƙashin ƙafarsa bai sani ba, kuma wannan na cikin dalilin da ya sa na zauna rubutun nan.

An cika shi a watan Afrilun 2024, makonni kaɗan bayan an buɗe iyaka tiyo ya fara sauƙi, abin da magini bai gaji da tuna mini ba. Sai damina ta zo, wadda ba wanda zai manta, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram a farkon Satumba. Ka tuna guntun tiyon da ka kafa a tsaye a gefen basan, ka ce rijiyar leƙe ce, kada in taɓa zubar da ruwa sai na zura kara na ga inda na ƙasa yake? Na zura a wancan makon. Ya jiƙe har kusa da gindin ginin, bai kai ba. Ramin farko kuwa, wanda na yi fushi da aka cike, wurin ya zama fadama, kwaɗi suka yi wata guda suna biki a kai.

Da na matsa maka a kan kuɗi, ka ce mahaifina ya riga ya biya. Gwaggo ce ta warware mini. A 1984, shekarar yunwar da mutanenmu ke kira El-Buhari, lokacin ma iyaka a rufe, kuna haƙar rijiya a ƙauyenmu abincinku ya yanke, shi ya riƙa raba tuwon gidansa da ku har kuka kai ruwa. Bai taɓa ba mu labarin ba, Allah ya jiƙansa. Ni ina ganin wancan tsakaninku ne, nawa bashin yana nan daram, amma ba zan yi jayayya da kai a gaban mutane ba.

Ina gode wa magini, wanda ya haɗiye ransa aka rushe masa tsari a gaban yaronsa, kuma gininsa bai tsage ba. Ina gode wa uwargida, wadda ta ce ba za a zuba ko bokiti ɗaya ba sai an kewaye wurin an sa ƙofa da kwaɗo, makullin kuma a ɗaure a bakin zanenta yake har yau. Da tsohon yaronka na Damagaram da bai san fuskata ba ya bar shagonsa ya yi mini yawon kasuwa.

Babban ya warke sarai, bazara biyu ke nan bai leƙa kududdufi ba, sai ma abokansa da ya janyo mini, ranar Juma'a har layi suke yi. Autan da ka cusa wa kuɗi a aljihu ya iya iyo, irin na kare dai, amma yana kaiwa bango. Allah ya saka maka da alheri, Baba, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya sa abin da ka binne a ƙasar mutane ya zama haske a kabarinka bayan tsawon rai. Na ba direban motar Dungas buhun albasa da kwandon lemun tsami, daga bakin tiyo na uku aka shayar da albasar. Na gaya masa in ka ce a mayar, ya ajiye a ƙofar gida ya ja motarsa.